Kar a Ɗauki Baba

Da aka sallamo mahaifina daga asibiti bayan ciwon zuciya ya kwantar da shi, likita ta ce ya rage gishiri, ya sha magani a kan kari, kuma kullum da safe ya taka da ƙafa. Gishirin bai dame shi ba. Damuwarsa ɗaya ce: tun yana saurayi yana aikin jirgin ƙasa bai taɓa zuwa filin idi a kan abin hawa ba, ga shi yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta. Ya ce ranar da aka kai shi idi a mota, to ya gama yawo.

Ya fara fita da sandarsa. Sai ya dawo garau, ko gumi babu, yana ba mu labarin ya leƙa har unguwar Ketaren Gwari mai nisa. Muka yi ta murna. Da muka koma asibiti, likita ta ce ba ta ga wani ci gaba ba. Ni kuwa ba a yi mini rufa-rufa. Washegari na yafa mayafi na bi bayansa.

Yana isa bakin titi wani mai keke napep ya ci burki. "Haba Baba, kai da ƙafa muna raye? Shigo!" Baba ya shige abinsa. Ashe kullum haka ake yi. A unguwarmu ta Tunga ba a ganin dattijo a ƙasa a wuce shi, balle Baba da ya yi wa rabin yaran nan waliccin aure. Da na tsare shi a gida sai ya ce, "Yaro ya yi maka alheri, sai ka watsa masa ƙasa a ido?"

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na tafi tashar 'yan keke da kaina, na ce musu wannan kirkin nasu ne zai kai ubana kabari. Shugabansu, wani Bagware mai fara'a, ya ce, "Anti, ka yi haƙuri, ba mu sani ba. Daga yau ko ya roƙa, ba mai ɗauka."

Kashegari Baba ya ɗaga hannu, suka wuce shi suna ihu, "Taka, Baba, magani ne!" Ya dawo yana huci, wai yaran zamani ba tarbiyya. Maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta ɗan kudancin Kaduna mai fama da hawan jini, ya ji labari ya yi dariya har da hawaye, ya shiga raka shi. Suna tafe suna musun wa ya girmi wani. In numfashi ya yi wa Baba nauyi, sai su zauna a bencin mai shayi har ya sake.

Ranar Sallah muka fito da wuri. Baba yana gaba cikin farar babbar riga, ina biye da gorar ruwa. Na waiga sai ga keke babu fasinja a ciki, Bagwaren nan yana bin mu a hankali. Baba bai ko kalle shi ba har muka isa.

Bayan an idar, mai keken ya matso. "Baba, komawa fa?"

Baba ya dube ni, na jiƙe da gumi, ina share ido da bakin mayafi. Ya gyara riƙon sandarsa ya ce, "Ɗauki 'yar nan, ita ce ta gaji."