Shayin da aka zubar a teku

Jikata da ke karatu a Amurka ta turo min hoto yau. Ga ta a kan wani tsohon jirgin ruwa a Boston, tana jefa akwatin shayi na wasa cikin teku. Na yi dariya, sai kuma mahaifiyata, Inna, ta faɗo min a rai.

A shekarun 1970 ina direban wani injiniya Ba'amurke a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Wata Juma'a na kai shi gidanmu a unguwar Sharafiyya, Inna ta dafa masa shayi da na'ana'a. Yana kurɓa yana alfahari, ni ina fassara: wai da harajin Turawan Ingila ya ishi kakanninsa a Boston, sai suka hau jirage suka zubar da shayin da aka kawo cikin teku.

Inna ta ajiye buta. "Ɗan nan, ganyen shayi? Duka?"

"Duka, Inna."

"Innalillahi! Gaya masa mu ma Turawan nan sun zo mana Sakkwato. Ubana ƙasar ya bar musu, ya tako da ƙafa har Sudan, amma ko ƙwayar gero bai zubar ba. Shi shayin me ya yi musu?"

Na fassara. Baturen ya leƙa kofinsa, ya shanye tas.

Inna ta ce, "Khalas, shi ke nan, wannan ya fi kakanninsa hankali." Ta ƙara masa.

Allah ya jiƙan Inna. Har yau ba na iya tashi in bar shayi a kofi. Ku fa, me iyayenku suka hana ku zubarwa?