Saƙon da Ban Kai wa Mai Turaku Ba

Idan watan nan ya ƙare, shekara ashirin da uku ke nan da aka kai maigidana makwancinsa a Tawa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, kuma ba a jarida zan fara ba da tsufana. Mutanen ƙauyukan Kalfu da Barmu da Affala sun hutar da ni, domin su ma ba su san shi da sunan yanka ba. Mai Turaku suke ce masa, saboda duk gonar da ya shiga sai ya bar ta da turaku a jere. Kowace shekara ina yi masa sadakar fura in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa, akwai abin da nake so in sauke.

Malamin gona ne na gunduma. A shekarun farko na samun 'yancin kai, gwamnati ta ɗora masa kula da aikin tare ruwa da hana zaizayar ƙasa a ƙauyukan da ke kewaye da Tawa. Duk wanda ya san Adar ya san ciwonmu: ruwa kaɗan ne, kuma idan ya zo ba ya zama. Yakan faɗo kan dutse, ya gangaro da gudu, ya kwashe ƙasar kirki ya bar mana fako, wato ƙasa mai tauri da ko haki ba ya fitowa a kanta. Shi ke auna gangare, shi ke cewa a yi aiki nan ko can, shi ke rubuta wa sufurehe, shugaban gunduma, rahoton abin da aka yi. Yana da wani madubin awo mai ƙafa uku da yake lallaɓawa fiye da yadda yake lallaɓa ni, da wani tsohon dokin biro, wato na ofis, da ba ya sauri sai ya juyo gida. Yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon fitowa daga makaranta, kuma ya yi imani da cewa duk abin da madubin nan ya nuna gaskiya ne.

Ni kuwa amaryarsa ce ta shekara ɗaya, 'yar ƙauye daga gefen Kalfu da aka kama aka kai lekwal, makarantar boko, na iya karatu, na dawo ina ganin kaina daban. Ina alfahari da shi har abin ya yi yawa. Idan ya sa kakinsa ya hau dokin nan, ji nake kamar ni na samo wa ƙasar 'yanci.

A ranin shekara ta biyu aka kawo aikin garinmu. Tsarin da aka turo daga sama shi ne a yi doguwar ganuwa ta ƙasa a gindin tudu, ta bi layin turakunsa, ta tare ruwa gaba ɗaya don ya nutse. Layin kuwa ya ratsa ta saman gonar babana. Gonar nan ita ce abincin gidanmu, mutum goma sha wani abu, kuma ita kaɗai muke da ita mai ƙasa mai zurfi. A cikinta akwai gandari, jerin duwatsu da kakanninmu suka shimfiɗa a karkace, nan ya lanƙwasa, can ya tsaya, wani wurin ma an bar shi a buɗe. Maigidana ya duba ta madubinsa ya ce duwatsun ba su bi layi ba, a kwashe su a tara gefe. Maigari ya yi shela, aka fito da diga da kwanduna.

Baba ya fito aikin kamar kowa, bai ce uffan ba. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, su da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon ƙwallo. A zamaninmu suruki ba ya haɗa ido da mijin 'yarsa, balle ya ce masa ka yi kuskure, balle a gaban jama'a, balle mijin yana sanye da kakin gwamnati. Idan sun haɗu a hanya, maigidana zai sauka daga doki ya cire takalmi ya durƙusa, su gaisa kowa yana kallon wani wuri, shi ke nan. Maganar da ta wuce gaisuwa sai ta bi ta bakin wani. Wannan karon ta bakina ta biyo.

Na je gida ganin Inna, da la'asar Baba ya kira ni bayan rumbu. Yana gyaran ƙotar hauya, bai ɗago kai ba, ya ce:

"Ki hwaɗa ma maigidanki, duwatsun ga in shina son a ɗauke, a ɗauke, aikin gwamnati na. Amma dutse tace ruwa shikai, shi riƙe ƙasa shi bar ruwa shi wuce. Ganuwag ga tashi ba ta da baki. Shi bar mata baki wajen tsohuwar aduwa, nan ruwa ka saukowa tun ina yaro."

Na ce, "To, Baba." Na dawo Tawa da saƙon a bakina. Da maraice na kai wa maigidana tuwo, na same shi ya baje takardar taswira a kan tabarma yana murmushi, yana nuna mini layin da ya ja, yana cewa cikin shekara uku gonar Baba za ta fi kowace gona a Adar. Na dubi layin, miƙaƙƙe, mai tsabta. Na tuna duwatsun Baba a karkace. Wallahi kunya na ji, kunyar a ce babana wanda bai san ko baƙi ɗaya ba shi zai gyara wa mai ilimi aiki. Na ce a raina tsoron tsofaffi ne kawai. Na ce masa Baba yana gaishe shi, na tsaya a nan. Da na koma gida Baba ya tambaye ni ko na faɗa, na ce na faɗa.

Damina ta faɗi da kyau. Ruwan farko da na biyu ganuwar ta riƙe, gero ya tashi kore shar, mutane suna zuwa kallo daga wasu garuruwa. Har na fara yi wa Baba dariya a zuciyata. Sai wata ranar Talata da azahar, gero ya kusa fitar da kai, aka yi ruwan da bai fi na sa'a guda ba amma kamar da bakin ƙwarya. Ruwan tudu ya taru bayan ganuwar ya zama tafki, ya rasa ta inda zai bi, ya fasa ta daidai gindin aduwar nan. Abin da shekaru suka hana shi yi, a yini ɗaya ya yi. Ya tsaga gonar gida biyu da rami wanda ya kai ƙirjin mutum, ya tafi da gero da ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Shekarar nan rumbunmu bai kai rabi ba. Yayyena biyu suka tafi cin rani tun kafin a gama girbi, ɗaya Sakkwato, ɗaya Abijan. Na Abijan ya yi aure can, can kuma ya rasu, Inna ba ta sake ganinsa ba. Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ɗauka ƙaramin abu nake ba da labari.

Washegarin ruwan maigidana ya je ya tsaya bakin ramin, ya daɗe. Baba yana ɗaya gefen. Baba yana ganin an gaya wa yaron nan ya ƙi ji, maigidana kuma yana ganin tsohon nan ya yarda da shi, shi kuwa ya cuce shi. Ni kaɗai na san abin da ke tsakaninsu, kuma na kama bakina.

A biro an so ya rubuta cewa manoma ne ba su kula da gyaran ganuwa ba. Haka ake rubutawa, kuma ba wanda zai zo daga Yamai ya tambayi manomi. Sufurehe ma ya ba shi shawarar haka, don yana ƙaunarsa, kuma a lokacin sunansa yana cikin waɗanda za a tura ƙaro karatu. Ya zauna ya rubuta cewa tsarin ne bai dace da wurin ba, kuma shi ya auna, shi ya ba da umarni, shi ya sa aka kwashe gandarin da ke aiki. Aka tura wani mutum karatun a madadinsa. Shi kuma ya yi ritaya yana malamin gona kamar yadda ya fara, bai taɓa yi mini ƙorafi a kan haka ba ko sau ɗaya.

Abin da ya yi bayan nan shi ne abin da har yau na kasa mantawa. Da rani ya shigo, kowace Lahadi sai ya tuɓe kaki, ya sa tsohuwar taguwa, ya tafi garinmu, ya ɗauki dutse a ka yana zubawa a ramin. Ma'aikacin gwamnati da gammo! Mutane suka yi ta dariya, daga baya suka daina, daga baya wasu suka kama masa. Baba ma yana wurin da jakinsa. To, yaya za su yi aiki tare alhali ba sa magana? Baba ya samo dabara. Sai ya dubi jakin ya ce, "Kai dai ba ka da wayo. Babban dutse ƙasa aka sa shi, ƙanana su toshe bayanshi." Maigidana yana jin haka sai ya sauke nasa ya gyara. Wani lokaci shi ma ya ce wa jakin, "Tambayi ubangidanka, nan za a lanƙwasa ko gaba?" Jakin nan ya sha karatu, da mutum ne da ya zama injiniya. Damina shida suka yi ruwa yana kawo ƙasa yana ajiyewa bayan duwatsun, har ramin ya cike, gero ya sake tsayawa a kansa. A gindin aduwa suka bar baki, suka shimfiɗe shi da faffaɗan duwatsu.

Daga lokacin aikinsa ya sauya. Bai jefar da madubinsa ba, amma ba ya kafa turke ko ɗaya sai ya tara tsofaffin gari, maza da mata, ya ce su nuna masa ta inda ruwa ke bi. Idan hadari ya haɗo, mutane suna gudu gida shi yana fita, ya bi ruwa da ƙafa tun daga kan tudu har kwari, ya dawo mini jiƙe sharkaf yana atishawa. Na yi faɗa har na gaji.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna da ramukan tassa da ake haƙawa a fako ana zuba taki, da tudun da na sani tsirara yanzu ya yi itatuwa. Zai yi mamakin jikarmu da ke aiki a ma'aikatar gona ta kwamin, wato ƙaramar hukuma, wadda ke ganin gonar kowa daga sama a cikin wayarta. Zai karɓi wayar ya jujjuya, ya yaba, sannan ya tambaye ta yaushe rabon da ruwa ya dake ta a gona. Zai yi baƙin cikin gidajen da ake ginawa a kan hanyar ruwa a gefen Tawa da takardar izini a hannu. Ba zai yi zagi ba, ba halinsa ba ne, zai dai nemi wanda ya sa hannu ya ce su je su gani tare.

Ban gaya masa gaskiya ba sai a ciwonsa na ƙarshe, Baba ya daɗe da rasuwa. Da hantsi ne, na fito da shi inuwa ina ba shi kunu. Na ajiye ludayin na faɗa masa komai, da bayan rumbu, da aduwa, da ƙaryar da na yi wa Baba. Ina kuka kamar yarinya, ni mai jikoki. Sannan ya ce:

"Rabi, ko kin hwaɗi, da ban ji ba. Lokacin nan madubi ɗai nika saurare. Ba ni kununa shina hucewa."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko sauke mini kaya ya yi. Shekara ashirin da uku ina juya maganar, kuma na fi zaton na biyun ne, domin haka halinsa yake.

Bai bar gida mai bene ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba, rahotanninsa kuwa na tabbata gara ta gama da su. A daminar nan na sa aka kai ni garinmu. Aduwar ta faɗi tuntuni, amma gandarin yana nan a karkace, gero ya fi ni tsawo, 'ya'yan ƙanena ke ci. Bakin da aka bari suna kiransa Ƙofar Suruki, kuma da na tambaye su wane suruki, ba wanda ya sani. Na zauna a kan dutsen na yi musu addu'a su biyun, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta.

Saura saƙon. Wanda aka aike ni gare shi ya tafi, amma kujerarsa tana nan, kuma akwai yara masu ilimi a kanta a kowace gunduma, masu jan layi miƙaƙƙe mai tsabta. Ku nake nufi, 'ya'yana. Babana, manomi daga gefen Kalfu, ya ce a gaya muku ku bar wa ruwa baki a inda ya saba saukowa, kuma ku tambayi mai gonar, ya san wurin. Na makara da fiye da shekara hamsin. Baba, na faɗa.