Geron da Aka Zubar a Bayan Sito

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini. Amma ranar da aka gurfanar da ni gaban alƙali a kan geron juji, wannan kam ba zan manta da ita ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Zamanin Turawa ne, shekarun da ake yaƙin nan da aka kwashi samarinmu zuwa ƙasashen waje. Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Bagwai, inda gona take manne da gona, ba mai hutar da ƙasa ko na shekara ɗaya. In ba ka sa taki ba, ka yi noman banza. Shi ya sa duk mai jaki a wajenmu ya san hanyar garin hakimi: ka ɗora mangala, ka je ka kwashe jujin mutane, ka kai gonarka. Ba ka neman izinin kowa. Masu gida ma godiya suke yi, wata tsohuwa har farau-farau takan miƙo mini. Da wannan na tashi, kuma ban taɓa jin an kira mai kwasar juji ɓarawo ba.

A kakar shekarar an karɓi gero daga kowane gida, aka ce na gwamnati ne, za a kai wa masu haƙar kuza. Aka tara shi a wani sito a garin hakimi. Motar da za ta kwasa ba ta zo ba har damina ta faɗi, ruwan farko kuwa ya zo da iska ya yaye kwanon rufin, buhuna suka jiƙe sharaf. Baturen da ya zo rangadi ya damƙo geron ya shinshina, ya ce a haƙa rami a bayan sito a zubar. Aka zubar ɗin, ba a ko rufe ba.

Mu kuwa a lokacin rumbunmu ya kai ƙasa. Shuka ta fito, ciyawa ta biyo ta, noman fari ya ƙarato. Mai ɗakina tana goyon 'yarmu ta fari, kwana da kwanaki ba abin da muke ci sai kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. Nononta ya fara ɗaukewa. Yarinya ta kama ta tsotsa, ta saki ta tsala kuka, uwar ta juya mini baya don kada in ga hawayenta. Ina gani mana.

Ran nan da hantsi na kora jakina zuwa gari don in kwaso sharar kasuwa, sai na bi ta bayan sito. Me zan gani? Awaki da kaji sun yi dafifi a cikin rami suna ta sha'aninsu. Na sauka na cusa hannu. Na sama ya yi baƙi da fumfuna, yana wari, amma na ƙasa jiƙewa kawai ya yi. Na ce, “Alhamdu lillahi!” Na cika mangala taf, ban yi sauri ba, ban waiga ba. Kai, don ku san iyakar wautata, da na hango malamin sito a bakin ƙofa, ni na fara ɗaga masa hannu.

“Sannu da aiki, Malam!”

Ya dubi mangalar, ya dube ni. “Kai, wa ya ba ka wannan?”

“Ba ni kuma? Ai daga juji ne, Malam.”

“Jujin gidanku? Kayan gwamnati ne!”

Kafin in rufe baki ya ƙwala wa ɗan doka kira. Da igiyar jakina aka ɗaure ni, aka bi da ni ta tsakiyar kasuwa, mutanen da na kwashe wa shara shekara da shekaru suna leƙe. Kwana biyu na yi a tsare. Waɗanda na tarar a ciki suka ce mai taɓa kayan gwamnati, in an yi masa sauƙi, wata uku ne a gidan yari. Wata uku! Damina ke nan ɗungurungum. Ciyawa ta cinye gona, mai jego ba abinci, in na fito ban san wa zan tarar da rai ba. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Rana ta uku aka kai ni gaban alƙali, wani siririn dattijo mai ciwon ido, yana ta goge su da bakin rawaninsa. An ajiye mangalata a tsakiyar zaure, warin ya cika ko'ina. Malamin sito ya yi bayani, ya ce Bature ya ba da umarni kada kowa ya taɓa geron, don zai sa mutane ciwo.

Alƙali ya ce, “Sito ya fasa?”

“A'a, Allah ya gafarta Malam. A rami ya ɗiba.”

“Ramin yana da ƙofa, ko shinge?”

“Babu.”

“To ga geronku, a mayar da shi sito.”

Malamin sito ya sosa ƙeya. “Allah ya gafarta Malam, ba zai yiwu ba. An riga an ce ba a so.”

“Ba ku so, kuma an sace muku. To, awakin da aka ce suna ci fa, an kamo su?”

Zaure ya ɗauki dariya, ni ma na fara jin numfashina yana dawowa. Sai kawai alƙali ya juyo kaina, fuska a ɗaure.

“Kai kuma, an hana, ka ɗiba.”

“Wallahi ban ji an hana ba, Allah ya gafarta Malam. Mai jego gare ni a gida, ba ta da nono.”

Alƙali ya goge ido. Ya ce, “Ba sata ka yi ba, ba kuwa zan rubuta sata ba. Amma ka saɓa umarni, kuma littafin nan Bature zai duba shi, dole ya ga hukunci. Na yanke maka aikin wahala na kwana bakwai. Tunda an ce geron nan cuta ne, kuma an bar shi a buɗe a cikin gari, kai za ka kwashe shi da jakinka, ka fitar da shi, kada ka bar ko ƙwaya ɗaya. Malamin sito ya tsaya a kanka ya tabbatar.”

Malamin sito ya ce, “Ina zai kai shi?”

“Inda masu jaki suke kai juji. An taɓa tambayarsu?”

Ni dai, Allah ya sani, ban gane komai ba. Na fito ina ƙuna, ina cewa a raina ga mutum ya yarda ban yi sata ba amma ya mai da ni bawa. Mai ɗakina ta tako tun daga ƙauye da goyo a baya, tana raɓe a jikin bango, duk ta ji abin da aka yi. Na fara yi mata ƙorafi, sai na ga tana danne dariya da bakin mayafi.

“Maigida, ina kake kai juji?”

“Gona mana.”

“Gonar tana ina?”

Na buɗe baki zan ce a bayan gidanmu, sai na tsaya. Na zauna a ƙasa a nan ƙofar alƙali, ƙato da ni, ina kuka.

Ban taɓa yin aikin wahala da daɗin rai irin wannan ba. Kwana bakwai ina safa da marwa, jakina har ya yi gyambo a baya. Malamin sito yana tsaye a bakin rami da sandarsa, da bakinsa yake nuna mini inda na bari. A gida kuwa matan unguwa suka fito da ƙore da tabarmi. Su wanke, su tsince, su shanya, hadari ya taso su kwashe da gudu. Wanda ya yi baƙi ya tafi gona ya zama taki, sauran aka raba gida-gida. Maza kuma da suka ga ina bakin hukunci, suka yi gayya suka nome mini gonata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kunun da aka dama da geron yana da tsami da ɗan wari, kuma akwai waɗanda cikinsu ya murɗa. Maganar Bature ba duka ce shirme ba. Amma da an rufe ramin tun farko, ko an sa mai shela ya gaya mana dalili, wa zai ja? Abin da na sani shi ne, kafin kwanakin hukuncina su cika, nonon mai ɗakina ya dawo, yarinya ta sha ta yi barci. Ita ce yau take da jikoki.

Har gobe sunana yana cikin wancan littafi a matsayin mai laifi, kuma har gobe ban ga laifin ba. Daga baya na ji labarin wani a wata gunduma da ya yi irin abin da na yi, shi kam sai da ya yi watanninsa a gidan yari. Yunwarmu ɗaya, dokar ɗaya. Ni dai Allah ya haɗa ni da wanda ya tsaya ya dubi mutumin da ke gabansa.

Da kaka ta yi na zaɓi damin gero mafi kyau a gonata, na kai wa alƙali har gida. Na durƙusa na fara godiya, ya katse ni.

“Godiyar me? Ni hukunta ka na yi, ka kuwa yi aikinka. Ɗauki geronka ka kai wa iyalinka.”

Allah ya jiƙan wannan bawan Allah, ya sa ya tarar da sassauci fiye da wanda ya yi mini. A wurinsa na koyi cewa ɗaure mayunwaci don ya tsinci abin da aka yar ba adalci ba ne, ko da takarda ta ce haka. Daga baya na yi shekaru ina mai unguwa, an kawo mini masu laifi iri-iri. Ban taɓa tambayar mutum abin da ya ɗauka ba sai na fara tambayarsa yaushe rabonsa da abinci.