Ranar da Firmin Ya Sake Samun Abokin Musu

A garinmu, can cikin duwatsun Kantal, ba a gama kallon fim a watse. Duk Lahadi da yamma, in an kunna fitilun gidan silima, kowa zai zauna a kujerarsa a tafka muhawara, sannan a sauka ƙasa a ci cuku da burodi. Ni ce mai yanka tikiti tun ina budurwa, don haka babu mai ba ni labarin Firmin Delcros.

Gyaran rufi ne sana'arsa. Dogo ne, tafin hannunsa kamar faranti, ga baki. Firmin bai taɓa barin fim ya wuce lafiya ba. In kowa ya yaba, shi zai kushe. In an kushe, ya ce mu ne ba mu da ido. Abokin karawarsa shi ne Marcelin mai aski, wanda suka yi firamare tare. Su yi ta sa-in-sa har burodi ya bushe, Marcelin ya ce masa jakin kan rufi, shi kuma ya ce Marcelin ya haɗa da hankalinsa ya aske. Sannan su fita kafaɗa da kafaɗa. Matarsa Ginette takan ce miji ta aura, aka yi mata gyara da rediyo.

Wata safiya ana yayyafi ƙafarsa ta zame daga rufin wata barga. Ya rayu, amma daga wuya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Muryar nan mai cika silima ta koma raɗa, sai Ginette ta kara kunne a bakinsa ta faɗa mana abin da ya ce.

Mutanen garinmu suna da kirki, kirkin nan kuwa ya kusa kai shi kabari. Kowa ya je dubiya sai ya sumbace shi a kumatu, kome ya faɗa a ce, "Haka ne, Firmin." Har gwada su ya yi. Ya ce cukun garinmu bai kai na leda da ake sayarwa a kanti ba, maganar da a da sai an raba faɗa a kanta. Marcelin ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne." Tun daga ranar Firmin ya rage magana, ya fara kawar da kai daga cokali.

"Ba faɗuwar ce za ta kashe min shi ba," in ji Ginette, ranar da muka haɗu a kasuwa. "Wannan 'haka ne' ɗin ne."

Ana nan sai aka kawo mana wani fim a kan mutumin da jikinsa ya shanye gaba ɗaya. Wasu suka ce a ɓoye wa Ginette. Ina! Ta riga kowa zuwa, ta turo shi a keken guragu har layin gaba.

An sha kuka, ban cire kaina ba. Da fitila ta kama, muhawara ta zama kamar zaman makoki. Wata malamar makaranta ta ce daga yau ba za ta ƙara kukan ciwon baya ba. Mai gidan burodi ya ce ya koyi haƙuri. Wani tsoho ya ce shi rufe ido ya yi, ba zai iya ba. Kowa ya gama sai ya saci kallon Firmin, kamar shi aka zo yi wa ta'aziyya. Raina ya ɓaci sosai.

Leɓen Firmin ya motsa. Ginette ta sunkuya, ta daɗe, ta miƙe.

"Ya ce fim ɗin banza ne. Ya ce mutum yana zaune tun farko har ƙarshe, hancinsa bai taɓa yin ƙaiƙayi ba. Bai zagi kowa ba, bai gaji da kowa ba, sai kallon taga da murmushi kamar hoton coci."

Sai kawuna suka fara gyaɗawa, na ji wata a baya ta fara, "Haka..." Ginette kuwa Marcelin kawai ta zuba wa ido.

Marcelin ya miƙe, idonsa jawur don kuka.

"Ƙarya kake, jakin kan rufi."

Malamar makaranta ta dafe ƙirji.

Marcelin ya ci gaba: "Barci ka yi, shi ya sa. Wurin da 'yar mutumin take masa aski, ta tsaya ta sosa masa gefen hanci tun bai roƙa ba. Aski sana'ata ce, na gani. Fim ya yi kyau, kuma kukan da na yi ba naka ba ne. Maganar cukun nan ma da ka yi bara, har yau tana tsaye min a wuya."

Fuskar Firmin ta yi ja har kunne, yadda muka san ta. Ginette ta sunkuya, ta ɗago tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ya ce kumfa ta goge, ba sosawa ba ce. Ya ce ka sayi tabarau."

"Sosawa ce."

"Ya ce kumfa."

Mai gidan burodi ya goyi bayan Marcelin, malamar makaranta ta ce ita kumfa ta gani. Kafin ka ce kwabo silima ta rabu biyu, ana ta ɗaga murya, an manta da wanda ke kan keke da wanda ke kan kujera.

Maza suka cicciɓi keken aka sauka ƙasa. Ginette ta yanko cuku ɗan ƙarami, ta kai masa baki a tsorace, don ta saba ya kawar da kai. Ya karɓa, ya tauna a hankali, leɓensa ya motsa.

"Me ya ce?" in ji Marcelin.

"Ya ce gishiri ya yi yawa." Ta share ido da bayan hannu. "Ya ce a ƙaro."