Ranar da Aka Tsamo Basarke da Sanda

A ɗakinmu na Umm Salal, can bayan garin Doha, duk masu gadi ne, in ka cire direban bas ɗin kamfani, wanda har yau ban yafe wa ba. Akwai kuma wani ɗan Yawuri da muke kira Basarke, don gidansu masunta ne tun kaka da kakanni, mahaifinsa kuwa shi ake kira idan kogi ya ci mutum, ya shiga ya lalubo. Basarke ba ya buɗe baki sau biyu bai ambaci ruwa ba. Mukan gaji da shi, amma ni dai ina ƙaunarsa, domin cikin mu duka shi kaɗai ne yake da wani abu ban da yunifom.

Shekarar korona aka kai shi gadin bakin tekun wani otal da aka rufe. Yini guda yana tsaye yana kallon ruwa, an kuma ce in ya tsoma ko yatsa a bakin aikinsa. Ya dawo ɗaki ya ci shinkafa da kaza ya kwanta, gobe ma haka. Kafin a buɗe gari ya yi tumbi, wuya ya cika.

Da aka sassauta kulle, duk Juma'ar da muka samu hutu sai ya ja ni bakin teku arewa da gari, inda ake barin gwauraye su shiga ruwa in manhajar korona ta wayarsu ta nuna kore. Ni ɗan Katsina ne, iyakata gwiwa. A nan na san tekun Doha. Da sanyi iska na yankan kunne, ruwan kuma ya sa haƙora kaɗawa, don haka Basarke ba ya shiga, wai jikinsa ba na azaba ba ne. Da zafi kuwa ruwan kamar kunun da aka sauke ɗazu, ga gishiri mai cin ido, ga wasu halittu masu kama da farar leda waɗanda in sun shafe ka sai ka rantse barkono aka zuba maka. Wannan ruwan yake so. Yakan kwanta rigingine a kai, hannu a ƙeya, tumbi a sama, ya ƙwala mini kira.

"Malam, ka gani? Ko motsi ba na yi. Ruwa ya san nasa!"

Da gasar cin kofin duniya ta matso, kamfani ya ce otal-otal na neman masu ceto a bakin ruwa, duk mai gadin da ya iya iyo ya zo gwaji. Basarke bai tsaya wata-wata ba. Tun kafin ranar ya buga waya gida ya ce ya kusa barin tsaron ƙofa ya koma sana'ar gado, mahaifinsa kuma ya baza wa duk bakin kogi. Na ce masa ya bari a gama tukuna. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A otal ɗin da nake gadi aka yi gwajin, da safe, a tafkin wankan baƙi. Direba ya kawo su, maimakon ya koma mota sai ya jingina da bango yana latsa waya. Ruwan tafkin nan inji ke sanyaya shi saboda Turawa, kuma ba gishirin da zai tallafe mutum. Basarke bai taɓa shigarsa ba, ga shi daga tsayuwar gadi aka ɗauko shi. Wata 'yar Filifin ce mai gwajin, ƙarama, da usur a wuya. Ta jefa wani mutum-mutumin roba mai nauyi a wuri mai zurfi ta ce, "Yalla," wato maza shiga.

Ya yi tsalle irin na masu burga, ya nutsa ya kamo robar. Da ya taso na ga fuskarsa ta canja. Sanyin ya ɗaure masa jijiyar ƙafa, nauyin jikinsa da na robar suka ja shi ƙasa. Ya taso, ya sha ruwa, ya koma. Da ya saki robar da ya fita da kansa, amma taurin kai ya hana shi. Matar ta ɗauko doguwar sandar nan ta ceto ta miƙa masa, ya rungume ta hannu biyu, ta jawo shi bakin tafki yana tari yana amai, wando ya zame rabi.

"Khalas," in ji ta, wato shi ke nan, ta kira na gaba.

Ban lura direba na ɗauka a waya ba sai da yamma, da hoton ya faɗo zauren hirarmu na 'yan Arewa a waya, ya rubuta a ƙasa: iya ruwa fid da kai. Mutanen da ko bokiti ba za su iya haurawa ba suka yi ta dariya har da hawaye. Na shaƙe wuyan rigar direba na ce ya goge. Ya ce, "Haba Malam, wasa ne. Kuma ai ya riga ya tafi." Gaskiyarsa, abin da ya shiga waya ba ya dawowa.

Aka tura Basarke tsaron ƙofar jirgin ƙasa a Mushairib. Gari ya cika da baƙi masu tutoci da ganguna, ruwan teku ya yi daɗin da ba ya yi sai a wannan ɗan tsakanin, ba zafi ba sanyi, kowa na tururuwa bakin ruwa. Na ce mu je ranar hutu, ya ce ƙafarsa na ciwo. Fatansa ɗaya, kada hoton ya kai Yawuri. Kullum sai ya tambaye ni ko ina ganin tsohon zai gani, tunda ba ya riƙe babbar waya. Nakan ce ina zai gani, alhali na san yara sun cika gari.

Wata azahar muna cin abinci a ɗaki saƙon murya ya shigo masa daga wayar ƙaninsa. Hannunsa da miya, sai ya danna da gwiwar yatsa, muryar tsohon ta cika ɗakin, a hankali, ba faɗa.

"Kai, an nuna mini. A kasuwar kifi aka nuna mini, a gaban mutane. Mu a gidan nan mu ke tsamo mutum, ba a tsamo mu. Da ka san sanda za ka kama, ai gara ka bari ruwan ya cinye ka, in karɓi gaisuwa da mutuncina."

Zuciyata ta yi baƙi ƙirin, na ajiye lomar da ke hannuna. Direba ya suɗe yatsunsa ya ce bai ji ƙarshen sosai ba, a ɗan maimaita. Basarke ya goge hannunsa a wando, ya sake kunna masa.