Anti Saude da murfin langa mai ɗigon kore

In kin taɓa buɗe shafin girki ko na ɗinki na wata 'yar Gusau, kika ga fulawowi ja da ruwan hoda kwance a bayan rubutun kamar tsohon kwanon kakarki, to kin ga aikin Anti Saude, ko ba ki san sunanta ba. Wannan hoton da ke shimfiɗe a bayan rubutu shi muke ce wa bango. Anti Saude bango take yi wa masu bulog. Sana'arta ke nan, kuma don Allah kar wani ya faɗo min nan ƙasa yana cewa wai ba sana'a ba ce, yau ba ni da lokacinsa.

Maƙwabciyarmu ce a Tudun Wada. 'Yar Rawayya ce, aure ya kawo ta Gusau. Da ƙunshi ta fara, ta yi shekaru tana duƙe kan ƙafafun amare har bayanta ya ce ya gaji. Cikin 'yan matan da take yi wa lalle wata ta buɗe shafi, ta ce, "Anti, irin fulawar nan da kike zana min a hannu, ba za ki sa min ita a waya ba?" Anti Saude ba ta san ta inda ake farawa ba, amma ba a taɓa jin ta ce ba ta iya abu ba. Ta karɓi aikin. Ba wanda ya koya mata. Dannawa kawai take yi, in abu ya lalace ta ce wayar ce ba ta da tarbiyya.

Da farko na turawa take saukewa kamar kowa: wardi ruwan hoda, farin leshi, ɗan kofin shayi, da wani keke mai kwandon furanni a gaba. Keken nan ya fi komai ba ta haushi.

"Wai ni wa ya taɓa hawa wannan abin a Bungudu?" in ji ta. "Kowa shafinta keke, kowa keke. Sai ka ce mun buɗe faci."

Wata rana ta je Rawayya gaida mahaifiyarta, tana taya ta wanke-wanke, sai ta tsaya da wani tsohon murfin langa a hannu. Fari ne, da jan fure a tsakiya, gefensa ya ɗan ɓare baƙin ƙarfen ya leƙo. Ta goge shi da gefen zani, ta ɗauki hoto, ta dawo ta shimfiɗa shi a bayan rubutun wata yarinya. Ku zo ku ga hauka. 'Yan matan da ko tukunya ba sa son taɓawa kowace ta ce ita ma kwanon kaka take so. Tun daga nan keke ya huta.

Ga yadda take aikin. Aron murfi take yi wurin tsofaffi. Ta shafe shi da ɗan man gyaɗa ya yi ƙyalli, ta shimfiɗa farin zani a bakin ƙofa da safe kafin rana ta yi ƙarfi, ta hau kan turmi ta ɗauko shi daga sama. Inda ya ɓare ba ta gogewa, ta ce tsufan ne 'yan matan ke so. Mijinta Mu'azu direba ne, yau Tsafe gobe Bungudu, duk inda lodi ya samu. Shi ke kawo mata murafan a naɗe cikin tsumma, shi ke mayarwa. A tasha yanzu Mu'azu Mai Murfi suke ce masa. Yana fushi, amma yana amsawa.

Kar ku ɗauka aron nan wasa ne. Jeren tsohuwa, wato kwanonin da aka jera mata a kabad tun ranar aurenta, shi ne mutuncinta. Jikarta ma ba ta isa ta sa hannu ba. Suna ba Anti Saude ne don tana durƙusawa har ƙasa, tana yi musu lalle ran sallah, kuma ba ta taɓa jawo wa kowa magana ba. Sannan akwai shugabarsu, Hajiya Tambaya ta Nahuce, mai kabad har biyu. In ta bayar, kowa ta bayar. In ta ce a rufe, daga Nahuce har Rawayya ba murfin da zai sake fita, don duk a biki ɗaya da suna ɗaya suke haɗuwa. Sana'ar Anti Saude gaba ɗaya a bakin matar nan take.

To, akwai wata Hanatu a Tsafe mai shafin girki. Ta ce a yi mata bango mai kama da ɗakin kaka. Anti Saude ta zaɓo wani murfi daga kabad ɗin Hajiya Tambaya, fari mai furanni ja da shuɗi, da wasu 'yan ɗigo uku na kore a bakinsa. Ita ma ta san mata kan ɗiga wa kwanoninsu fenti don kar su ɓace a gidan biki, amma a gindin kwano aka saba yi. Waɗannan a sama suke, tsaf da su kamar 'ya'yan ganye. Ta ɗauka adon kamfani ne. Har ƙara musu haske ta yi don su fito. Kuma kun san bango maimaita kansa yake yi, sai ga ɗigon nan sun cika shafi daga sama har ƙasa. A can ƙarshe ta rubuta kamar yadda ta saba: daga jeren Hajiya Tambaya, Nahuce.

Hanatu ta ji daɗi, ta kai wa kakarta Inna Dije ta gani. Tsohuwa ta riƙe waya nesa da fuska, ta ce a buɗa mata wurin nan. Aka buɗa. Ta ce a karanta mata abin da ke ƙasa. Aka karanta. Ta ce a ɗauko mata mayafi.

A motar Mu'azu ta zo Gusau, gidan gaba, bai san matarsa ta zo yi wa shari'a ba, har da rage mata hanya zuwa ƙofar gidansa. Ina tsakar gidan ana cire min lalle ta yi sallama. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa, ta gaisa tsaf har da tambayar yara. Sannan ta ajiye kofi.

"Ke ce mai ɗaukar hoton kwanonin mutane?"

"Ni ce, Inna."

"To murfin da kinka liƙa wa jikata, nawa ne."

"Inna, ai irinsa da yawa, kamfani ɗaya..."

"Kamfani shi ya ɗiga mashi kore? Ni na ɗiga da tsinke, da ragowar fentin ƙofarmu. A sama na yi don kowa ya gani, ba ni son gardama."

Ashe tare suka tashi da Hajiya Tambaya a Nahuce. Inna Dije ta riga ta yin aure. Da bikin Tambaya ya zo, kayan jerenta ba su cika kabad ba, sai ƙawaye suka yi abin da aka saba: kowace ta kawo aron kwano aka cike gurbi, don dangin miji su gani su yaba, bayan biki a mayar wa kowa nata a ɓoye.

"Langa ta dawo, murfi bai dawo ba," in ji Inna Dije. "Ta ce ya ɓace cikin hidima. Munka tashi munka koma Tsafe. Na haifi uwar Hanatu, na aurar da ita, duk da faifai nake rufe langar nan. Ashe shina Nahuce shina hutawa cikin gilashi!"

"Ki yi haƙuri, Inna. Yanzun nan zan cire bangon."

"Ki cire? Bayan duniya ta gani da sunanta? A'a, ɗiyata. Sunan za ki gyara. Ki sa Dije."

Na ga Anti Saude ta zauna a kan turmin nata. In ta sa Dije, ta yi shela ke nan cewa jeren Hajiya Tambaya da aro aka cika shi, kuma an riƙe kayan aro. In ta ƙi, Inna Dije ta ce da ƙafarta za ta Nahuce, kuma ranar suna za ta je, lokacin da mata suka cika gida.

Murfin yana wurin Anti Saude, ba ta riga ta mayar ba. Ta roƙi Inna Dije ta ɗan ba ta lokaci, ta naɗe shi, ta shiga mota sai Nahuce. Abin da ya faru a can daga bakinta na ji. Ta ce ta durƙusa har gwiwarta ta yi zafi kafin ta iya faɗa. Hajiya Tambaya na tsinkar zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Dije tana nan da rai?"

"Tana nan, Hajiya."

"Da bakin nata?"

"Da shi, Hajiya."

"Ni ban ce ba nata ba ne. Na gane shi bayan biki cikin kwalla, su kuma sun tashi. In bi ta Tsafe da murfi a ka?" Ta watsa zogale a tire. "Ke kuma na ba ki aro ki yi ado, ban ce ki kira min mai shi ba. Ajiye shi nan. Ki gaida gida."

Shi ke nan. Daga ranar murfi ya ɗauke. Mu'azu ya je gidajen da ya saba karɓowa, kowace tsohuwa ta ce makullin kabad ɗin ya ɓata. Makullan Bungudu kaf suka ɓata a mako ɗaya. Anti Saude ta zaro tsohuwar ledarta ta lallen amare tana kaɗe ƙura. Wata yarinya ta nemi sabon bango, na leƙa wayar, wallahi keke na gani.

Ana nan sai ga Mu'azu da rana tsaka da wani ƙulli a hannu, yana ƙamshin man shanu. Saƙo ne daga Nahuce zuwa Tsafe. Hajiya Tambaya ta cika wata langarta da dambun zogale, ta rufe da murfin nan mai ɗigon kore. Ta ce a gaya wa Dije ga murfinta nan, amma langar tata ce, a dawo mata da abinta, don ita ba ta yarda da aro mai daɗewa ba.

"Ita ta faɗi haka?" in ji Anti Saude.

"Da bakinta," in ji Mu'azu. "Har ta sa na maimaita."

Inna Dije ta karɓa, ta yi ta faɗa, ta cinye dambun. To a wurinmu ba a mayar da kwano wayam. Ta yi hoce mai kyau, wainar dawar nan tamu, ta cika langar Tambaya. Sai maganar rufewa. Hanatu ta miƙo faifai.

"Ke tafi can! In aika wa Tambaya abinci da faifai, ta zaga Nahuce tana cewa na talauce?"

Aka duba ɗakin kaf, murfi ɗaya ne ya zauna daidai a bakin langar. Haka ya koma Nahuce. Hajiya Tambaya kuwa ta ce ita ba za a ce ta sake riƙe kayan Dije ba, ta dafa wani abu ta rufe ta aiko. Har yau da nake wannan rubutun murfin nan bai kwana wata guda a gida ɗaya ba. Gusau ce a tsakiya, don haka Mu'azu kan tsaya gida ya duba ko saƙon bai zube ba. Ya yi ƙiba.

Sunan ƙasan bango kuwa, Anti Saude ta rubuta: murfin Inna Dije, ajiyar Hajiya Tambaya. Inna Dije ta ce ba laifi tunda ita ce a gaba. Hajiya Tambaya da aka karanta mata ta ce gaskiya ne, da a hannun Dije yake da tuni yara sun yi garere da shi suna gara shi a titi. Sai ta ce a gaya wa Saude ta zo ran Juma'a, akwai wata fanteka mai furen ɗorawa da ba ta taɓa nuna mata ba. Kafin Juma'ar ma makullai suka fara bayyana.

Na raka ta, don ba zan bari a ba ni labari ba. Hajiya Tambaya ta buɗe kabad, amma wannan karon ba ta ce a zaɓa ba. Ta sa tabarau, ta zauna, ta ce a riƙa miƙo mata ɗaya bayan ɗaya. Kowane murfi sai ta juya shi ciki da baya, ta kai shi bakin taga, ta kankara gefensa da farce tana neman ɗigon fentin wata. Wani ta miƙa wa Anti Saude. Wani ta tura bayanta.

"Hajiya, wancan mai shuɗin fa? Ya yi kyau."

"Wanga ba na hoto ba ne."

"Mai tsuntsun nan fa?"

"Shi ma."

Anti Saude ta ce to, ta ci gaba da naɗe nata cikin tsumma, kanta a ƙasa, tana danne dariya. Ni dai na leƙa bayan Hajiya. Tulin da ba na hoto ba ya fi wanda aka ba mu tsawo.