Gudun da Malam Hamisu Ya Koya da Tsufa

Ranar da taubashina Malam Hamisu ya yi wa Dogara wanka da koko ina wurin, kuma ni na baza labarin, don abin daɗi irin wannan ba a barinsa ya ruɓe a cikin mutum ɗaya.

Dogara yana da shagon wasan gem a wajen Ƙofar Doka, irin wanda samari ke cikawa bayan la'asar. A kusurwar shagon akwai kujera guda mai sitiyari da totur da birki, gabanta ƙaton allo, inda ake tseren motoci ta intanet da mutanen duniya. Da hantsi babu kowa a wurin. To da na lura Hamisu, dattijon da ya ba sittin baya, yana sulalewa daga majalisarmu kowane hantsi ya tari Keke, sai na bi sawu. Na zaci bazawara ya samu. Ina leƙawa sai ga mutumina a kan kujerar nan, ya naɗe hannun riga, ya ɗora hula a cinya, yana tuƙi. Dogara na tsaye ta hagunsa da kofin koko, yana cewa, "Baba, ga kwana nan, karya hagu!" Hamisu ya rage gudu, ya duba madubi, sannan ya miƙa hannun hagu waje kamar yadda direbobin da suke yi in fitilar sigina ta mutu. Taga dai babu. Dogara ne a wurin.

Koko ya sauko masa daga goshi har aljihun riga. Hamisu ya dube shi da tausayi ya ce, "Sannu ɗana. Amma kai ma me ya tsayar da kai a kan titi?"

Daga ranar ya zama Mai Sigina. Sunayen da nake kira a nan duka na aro ne, dalilin yana gaba.

Hamisu direban ofis ne, ya fi shekara talatin yana ɗaukar daraktoci tsakanin Zariya da Kaduna, kuma har ya yi ritaya bai taɓa goge fentin motar gwamnati ba. Asirin ba wani mai zurfi ba ne: ba ya gudu. Akwai daraktan da ya taɓa ce masa, "Malam Hamisu, taron na yau ne fa, ba na gobe ba." Ya amsa da cewa gara a iske an tashi daga taro da a taru dominka. Ni kaina na taɓa zama a Fijonsa a Tudun Jukun muna jiran wata akuya ta gama shawarar ko za ta tsallaka. Irin wannan mutum a wasan tsere, ai kamar a ga kunkuru ya yi rajistar sukuwa ne. Na tambaye shi dalili ya fi a ƙirga, yana cewa motsa jini yake yi.

Sai wata rana da na raka shi shagon, ya sa Dogara ya buɗe inda sunayen 'yan wasa ke fitowa da lokacin da kowa ya yi. Ya nuna da haɓa wani suna can sama, mai tutar kore da fari a gefe.

"Na wajen Barira ne," in ji shi.

Barira matarsa ce, kuma na wajen Barira shi ne Abdulwahab, ɗansu na fari. Hamisu bai taɓa kiran sunan yaron nan ba. Ga kunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifin Hamisu aka mayar wa yaron, abin ya zama ninki biyu. Bai ɗauke shi a bainar jama'a ba, bai zauna hira da shi ba. Ko tuƙi da ya koya masa, "kai" da "taka" da "saki" ne kawai suka shiga tsakaninsu. Haka muka taso muka ga ana yi, ba ƙiyayya ba ce. Ni na san wanda ya sayar da filinsa na gado lokacin da yaron ya samu gurbin karatu a Malesiya, na kuma san wanda ya ce a gaya masa kawunsa ne ya biya.

Yaron ya gama karatu ya samu aiki can, ya zauna. Duk Juma'a yana kiran uwarsa. Ita Barira tun da aka ƙirƙiro kiran bidiyo ta nannaɗe tata kunyar ta jefa a ƙarƙashin gado. Hamisu kuwa sai ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin, ya kama gyaran rediyon da lafiyarsa ƙalau. A ƙarshen hira yaron ya ce, "A gaida Baba." Shi kuma daga waje ya ce, "Muna amsawa." Iyakarta ke nan, shekara da shekaru.

Zuwan Abdulwahab gida na ƙarshe ya shiga shagon Dogara ya yi wasan, a nan Dogara ya ga sunan da yake amfani da shi. Bayan ya koma, Dogara ya faɗa wa Hamisu a kan hanya, cikin raha, cewa ɗansa gwani ne. Ya kuma bayyana masa yadda tsarin yake. Kafin tseren Asabar, kowa zai yi zagayen gwaji shi kaɗai a fili. Lokacin da ka yi shi ke zaɓa maka rukuni: masu sauri da masu sauri, masu rarrafe da masu rarrafe, mota ashirin ashirin. Rukunin Abdulwahab, sai wanda ya zagaye filin cikin ƙasa da minti biyu.

Na ce wa Hamisu, "To in ka shiga rukunin nasa fa? Gaisawa za ku yi?"

Ya ce, "A'a. In dai gan shi yana tuƙi, ina kusa."

Zagayensa na farko ya kusa minti huɗu. Dogara ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, har ya ɗauka na'urar ce ta lalace.

Wahalar ba ta koyo ba ce, ta mantuwa ce. Duk abin da ya tsare ransa shekara talatin, shi ke cinye masa lokaci. Yana bin hannunsa na dama kamar akwai tirela mai tahowa ta gaba. Dogara ya yi ta fama: "Baba, titin nan duka naka ne, babu mai zuwa. In za ka sha kwana, buɗe waje tukuna, ka yanko ciki har tayarka ta taɓa bakin titi, sannan ka bar motar ta fita waje da kanta." Hamisu ya ce wannan ai tuƙin 'yan ƙwaya ne. Dogara ya ce to 'yan ƙwayar ne a sama.

Sai maganar birki. Hamisu yana fara lallaɓa birki tun kwana tana can nesa kamar watan gobe. Aka koya masa ya riƙe totur har sai ya kai wani allo da ke gefen titi, ya taka birki sau ɗaya da ƙarfi tun motar tana miƙe, ya riƙa saki a hankali yana juya sitiyari, idonsa a kan mafita, ba a kan hancin mota ba. Sunayen kwanonin na Turawa sun ƙi zama a bakinsa, sai ya raɗa musu nasa. Ta farko Babban Dodo, mai tsinin nan Ƙofar Kuyambana, masu bin juna guda uku kuma Lungun Marina. Sai ka ji shi a majalisa yana cewa yau ya ci rabin daƙiƙa a Babban Dodo, wanda bai san zancen ba ya ɗauka hatsari aka yi.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata rana wuta ta ɗauke yana dab da layin ƙarshe a zagayen da ya fi kowane kyau, kafin janareto ya tashi komai ya goge. Wata rana sabis ya yi rawa motar ta tsinci kanta a cikin ciyawa. Gwiwarsa ta dama ta kumbura, Barira ta yi ta shafa man zafi tana tambayar wane irin motsa jini ne wannan. Ya sauya tabarau. Ya zauna yana kallon maimaicin zagayen gwanaye, amma na lura na mutum ɗaya yake sa a maimaita masa. Ya ce mini, "Ka ga yadda yake shiga kwana? Ba ya fisgar sitiyari. Wannan a wurina ya gani." Ya faɗa yana kallon ƙasa, kamar wanda ya yi saɓo.

Ranar da ya sauko ƙasa da minti biyu, da ƙyar ne, da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Dogara ya yi tsalle ya rungume shi. Hamisu ya ce Alhamdulillahi, ya sa hularsa a karkace.

Asabar bayan azahar muka je. Ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, har da turare. Na ce masa ta allon ba a jin ƙamshi, ya ce in rufe masa baki. Dogara ya sallami samarin da ke shagon ya ja ƙofa. Sunaye suka fito, ga Abdulwahab a sahun gaba da jar mota, ga Direban Zazzau, wato Hamisu, na biyun ƙarshe. Ya daɗe yana kallon sunayen nan biyu a allo ɗaya.

Aka tashi. Zagaye biyu bai ga ko ƙurar jar motar ba, amma fuskarsa kamar ta ango. A zagaye na uku wani ya bugi Abdulwahab ya juya a kan titi, duk motoci suka wuce shi, har Hamisu. Yaron ya miƙe ya biyo baya a guje. Kafin su kai Ƙofar Kuyambana, jar motar ta cika madubin Hamisu.

Dogara ya ce, "Baba, riƙe layinka kawai, zai wuce da kansa. Kalli gabanka!"

Ina. Idon Hamisu na kan madubi. Ɗansa ne a bayansa, yana sauri, yana neman hanya. Abin da ya yi wa kowane mai sauri tsawon rayuwarsa shi ya yi: ya ɗaga ƙafa daga totur ya taka birki don ya ba shi wuri, a daidai inda babu mai taka birki. Jar motar ta daki bayansa, su biyun suka yi cikin shinge. Tseren Abdulwahab ya ƙare a nan.

Can sai saƙo ya faɗo a gefen allo. Yaron ya ga tutar gida da sunan Zazzau, don haka da Hausa ya rubuto. Dogara ya so ya rufe, Hamisu ya ce a bari, ya gyara tabarau ya karanta da kansa, a bayyane.

"Malam, in ba ka iya ba ka bar wa masu iyawa. Wata uku ina shirin tseren nan. Ban san wanda ya koya maka tuƙi ba, amma ya cuce ka. Allah ya isa."

Ya sake karantawa, wannan karon a zuci. Sannan ya ce, "Dogara, rubuta masa: a yi haƙuri, kuskure ne."

Dogara ya rubuta ya tura. Saƙon ya ƙi tafiya. Ya sake, ya ƙi. Ya juyo a hankali ya ce, "Baba, ya toshe ka. Ko kun yi lokaci ɗaya, na'urar ba za ta ƙara haɗa ku ba."

Da ƙafa muka koma, ta cikin lunguna, bai yarda mu hau Keke ba. Na ce masa abin ai mai sauƙi ne, Juma'a ya karɓi wayar daga hannun Barira ya ce ni ne, a yi dariya a wuce wurin. Ya tsaya cak a jikin wata katanga.

"Ka san me kake faɗa? In ya ji wanda ya ja wa Allah ya isa, yaron nan zai ƙara samun barci? Bai san ni ba ne. Na yafe tun kafin ya sa aya. Kai kuma in ka kira sunansa a cikin zancen nan, ban yafe maka ba."

Muka ci gaba da tafiya. Mun kusa gida ya ce, ba da ni yake ba sosai, "Bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba."

Dogara ya ba shi shawarar ya buɗe sabon suna, ya sake gwaji, ba wanda zai gane. Ya ƙi. Ya ce yaro ya ce ba ya son ganinsa a hanyarsa, ba zai sauya riga ya koma ya tare masa ba. Har yanzu yakan je shagon da hantsi, ba kullum ba, ya yi zagayen gwaji shi kaɗai. Dogara ya ce lokacinsa ma ya ƙara kyau. Ranar Asabar kuwa ba ya leƙawa. Juma'a tana zuwa ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙofa, ya ɗauko rediyo.

Mutanen majalisa ba su san wannan ɓangaren ba, koko kawai suka sani. Makon jiya muna zaune bayan la'asar sai ga Dogara zai wuce a kan babur. Ina ganinsa tsohon halina ya motsa, na ɗaga murya na ce, "Dogara, bi ta can nesa, Mai Sigina na nan, kuma hannunsa a sake yake!" Aka fashe da dariya. Na juya na ce, "Hamisu, tsakaninka da Allah, wa kake yi wa sigina a cikin talabijin?"

Ya yi murmushi, ya gyara zaman hularsa.

"Ku yi ta dariya," in ji shi. "Da motar nan tana da taga, da ranar nan na miƙa hannu, da yaron ya ga zan tsaya."